Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ake Samun Tsofaffin Katalog na Tufafin Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Maraɗi. Kwanaki wani ya kawo mini shuɗiyar riga irin ta ma'aikatan Faransa na da, wadda ya tsinta a gwanjo, ya ce in ɗinka masa irinta. Na ɗinka, yanzu mutum huɗu sun biyo baya. Ina son tsohon katalog da zan ga sauran ire-irenta. Wanne zan nema, kuma a ina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara buɗi. Rigar da ta faɗo hannunka Faransawa na ce mata bleu de travail, wato shuɗin aiki: yankanta a miƙe, aljihu uku ɗorawa a gaba, sau da yawa da ɗaya a ciki, sai ƙaramar kwala da maɓallai. Makanikai, masu aikin jirgin ƙasa da 'yan masana'anta ne suka sa ta shekara da shekaru kafin 'yan gayu su gano ta.

Kada ka fara da manyan katalog irin na La Redoute ko 3 Suisses, duk da na san su ne teloli suka fi sabawa da su a Nijar. Waɗannan na iyali ne. Tufafin aiki 'yan shafuka kaɗan suke samu a cikinsu. Abin da ya dace da kai shi ne na gidajen da aikinsu ke nan. Riƙe sunayen nan: Adolphe Lafont na birnin Lyon, Le Mont Saint Michel da aka kafa a 1913, da Vétra na 1927. Ka haɗa da Belle Jardinière, kantin Paris da ya buɗe a 1824, wanda ya yi suna wajen ɗinkakkun kaya da rigunan masu sana'a. Sai Manufrance na Saint-Étienne, wanda katon littafinsa, Tarif-Album, ke tallan bindigar farauta da keke da keken ɗinki, a tsakiya kuma ga rigunan mafarauta da na ma'aikata.

In za ka bi shawarata, zaɓi na kafin 1950. Dalili kuwa, yawancinsu zane ne da hannu, ba hoto ba. Mai zane yakan fito da layin ɗinki, da inda bakin aljihu ya tsaya, da tazarar maɓallai, abin da hoto kan ɓoye a inuwa. A ƙarƙashin kowane zane kuma ana faɗin yadin: moleskine, wato auduga mai kauri da aka saƙa a matse, coutil, mai saƙar karkace, velours côtelé, mai kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Wanda ya san yadi, wannan bayanin ya fi masa hoto goma.

Kafin ka kashe ko dala, shiga Gallica, taskar intanet ta babban ɗakin karatun ƙasar Faransa. Kyauta ce, kuma ana iya sauke shafuka a waya. Ɗakin karatu na Forney da ke Paris shi ma yana da tarin katalog na 'yan kasuwa, an ɗora wani sashe a intanet. Tunda kana jin Faransanci, rubuta "catalogue vêtements de travail" ko sunan gidan da kake so. In sai ka riƙe takarda a hannu hankalinka zai kwanta, duba Delcampe, kasuwar masu tara tsofaffin takardu, ko eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Na tufafin aiki sirara ne, kuɗin aikensu da sauƙi.

Sai dai katalog ba zai ba ka awo ba. Samo tsohuwar riga a gwanjo, ko da ta yage, ka farke ɗinkinta a hankali, ka shimfiɗa ɓangarorin a kan takarda ka zana. A nan za ka ga yadda aka ninka kabu da inda aka ƙarfafa kusurwar aljihu. Katalog ya nuna maka iri, riga ta koya maka yanka. In ka gama, liƙa sunan shagonka a wuya, ba na wani kamfani ba.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Zariya, ina karanta zanen tufafi, ina rubutu kan kayan yau da kullum na Turawa a shekarun 1970. Na ga katalog ɗin Quelle a eBay, amma kuɗin aike ya ninka kuɗin littafin. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, ke kam manyan katalog na iyali ne naki. Mujallar ado tana nuna abin da aka so mutane su sa, katalog kuwa yana nuna abin da matar gida ta cike takarda ta yi oda, da farashinsa da lambar girmansa. Quelle ya fara a Fürth a 1927, ya durƙushe a 2009. Neckermann na Frankfurt ya fara a 1950. Otto na Hamburg ya fitar da katalog ɗinsa na farko a 1950, shafi 14 kacal da takalma iri 28, ya kuma buga babbansa na ƙarshe a 2018. A Ingila akwai Littlewoods, Freemans, Grattan da Kays, a Italiya kuma Postalmarket.

Nauyi ne ya jawo tsadar aiken, don irin waɗannan ɗaruruwan shafuka ne, wasu sun haura dubu, kuma har da labule da tukwane da rediyo za ki biya wa kuɗin jirgi. Fara duba Internet Archive, taskar tsofaffin littattafai ta intanet. Jami'ar Worcester ce ke riƙe da taskar Kays, an kuma sa hotuna da dama daga cikinta a intanet. Gallica ba za ta yi miki amfani sosai a nan ba, saboda haƙƙin mallaka ya sa galibin abin da ke cikinta ya girmi zamanin da kike nema.

In kin ga dole ki mallaki ɗaya, ki saya, amma guda ɗaya tak. Sau biyu ake fitar da su a shekara: Frühjahr/Sommer na lokacin ɗumi, Herbst/Winter na sanyi. Ɗauki na ɗumin, shi ne ke cike da kayan auduga marasa nauyi, ba kwat-kwat na hunturu ba. Ki sa mai sayarwa ya ɗauko miki hoton shafin da ke jera abin da ke ciki, ki tambaye shi ko an yage shafuka ko danshi ya taɓa shi. In kina da ɗan'uwa a Jamus, a kai gidansa, ya taho miki da shi in zai zo gida.

Tambaya: Na sami katalog a akwatin marigayi mahaifina, ba bango, ba shekara. Yaya zan gane lokacinsa?

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama. Dubi farashi tukuna. In na Faransa ne ka ga NF, tsakanin 1960 da 1962 ne, lokacin da sabon faran ya shigo. In na Ingila ne da sule da kwabo, ya riga Fabrairun 1971. Na Jamus mai alamar kuɗi RM (Reichsmark) ya riga tsakiyar 1948, mai DM (Deutsche Mark) kuma daga nan zuwa 2001. Sai adireshin kamfanin: lambar gidan waya mai alƙaluma biyar ta fara a Faransa a 1972, a Jamus kuwa sai Yulin 1993. Leƙa takardar oda da ke tsakiya ko ƙarshe, galibi an rubuta ranar da farashin zai daina aiki. Kada ka manne shi da salatif, yana cin takarda. Ɗauki hoton shafukan, ka ajiye shi a kwance a busasshen wuri, nesa da gara.