Wane taro zan je, wane kwas zan biya?

Ƙanena naga saƙonka, wai ogan ofis ɗinku ya ce akwai ɗan kasafin ƙaro ilimi bana ka zaɓi taro ko kwas na masu rubuta takardun bayanin manhaja, kai kuma idonka na kan wani kwas mai bada satifiket kana tambaya ko ka biya. To dakata tukunna.

Kafin ka duba sunan kowane taro, buɗe aikin da ke gabanka ka ga ina ne yake maka ciwo. In har yanzu injiniya zai turo maka fayil ɗin OpenAPI, wato fayil mai bayyana API (hanyar da manhaja ke magana da wata manhaja), ka tsaya kana kallonsa baka san ta ina zaka fara ba, ko ka tura gyara a Git, manhajar adana sauye-sauyen fayiloli, ya dawo maka da rikicin haɗewa saboda gyaranka ya ci karo da na wani, layukan nan masu kibiyoyi sun cika shafin gabanka ya faɗi ka rufe laptop, to wallahi babu taron da zai warkar da wannan, zama zakayi kayi da hannunka har ya zauna. Kuma yawancin abin da kake buƙata a wannan matakin kyauta ne. Google nada kwasa-kwasai biyu, Technical Writing One da Two, 'yan awoyi ne kawai, zasu koya maka gajarta jimla da bayyana kalma tun farkon amfani da ita da sanin wa kake rubutawa. Tom Johnson nada dogon kwas kan rubuta bayanin API a shafinsa shima ba ko sisi. Sai ka karanta tsarin Diátaxis na Daniele Procida, wanda ya raba takardu gida huɗu: darasin mai koyo, matakan yin wani aiki, bayanin dubawa, da kuma fashin baƙi. Ranar da wannan rabon ya shige ka zaka gane me yasa shafinka na "fara a nan" yake gajiyar da mutane, ka cusa abu huɗu a wuri ɗaya ne.

Maganar satifiket kuwa, ni duk wanda nazo ɗauka aiki samfurin rubutunsa nake tambaya, in buɗe in bi matakan da ya rubuta in ga ko zasu kai ni inda ya ce. Ƙungiyar STC ta marubutan fasaha a Amurka ta faro tun 1953, ita ce ta riƙa bada CPTC, shaidar ƙwarewa a wannan aikin da ake ji da ita, amma a farkon 2025 ta durƙushe ta rufe. Masu takardar suna nan da iliminsu ba wanda ya ƙwace musu, sai dai kaga takarda kan rasa uwar gidanta. In dai zaka biya kuɗin kwas to ka tambaye su abu ɗaya, akwai mutum mai rai da zai karanta rubutunka ya ja masa jan biro? In bidiyo ne kawai da tambayoyin canki-canka, YouTube ma ya ishe ka. Ka nemi ganin takardun da malamin ya taɓa rubutawa da kansa, wanda kuma ya fara maka da alƙawarin aikin dala cikin wata ɗaya ka kama gabanka.

Taro kuma don mutane ake zuwa. Masu taron Write the Docs da suka fara a Portland ta Amurka a 2013 suna ɗora jawabansu a YouTube bayan an gama, kenan abin da tikiti ke saya maka shine ranar da ake zama a teburi ana rubutu tare, da zaman da mahalarta ke kawo nasu maudu'in, da hirar bakin ƙofa inda wani zai gaya maka yadda suka kwashe takardunsu zuwa Markdown, wani sauƙaƙƙen tsarin rubutu, da irin wahalar da suka sha. Su Write the Docs sunfi karkata ga manhaja. In kuma littafin amfani da injina kake rubutawa, harkar DITA (tsarin gina manyan takardu daga ƙananan sassa) da fassara da ƙa'idojin tsaro, to taron tcworld da ƙungiyar marubutan fasaha ta tekom ke yi a Stuttgart ta Jamus a watan Nuwamba yafi dacewa da kai. Amma kayi lissafi, neman bizar ziyara ta Amurka kaɗai dala 185 ne kuma in an hana ka baya dawowa, ga jirgi ga otal, inaga kasafin naku bazai ɗauka ba.

Ni a matakin da kake, ka shiga zauren hirar Write the Docs a manhajar Slack ka riƙa karanta tambayoyin mutane, ka gama na Google ɗin, sannan ka nemi ogan ya biya maka mota da masauki zuwa taron masu haɗa manhaja, OSCAFEST a Legas ko kaje DevFest na Kano. Ba taron marubuta bane amma masu karanta takardunka ne ke cika wurin, ka zauna kusa da ɗaya ka miƙa masa shafin da ka rubuta kace ya girka abin yana bi, kai kayi shiru kana rubuta duk inda ya tsaya yana sosa kai. Ka turo min abin da ka tara mu duba tare kafin ka rubuta wa ogan takardar neman kuɗin.