Tambaya da amsa: Me ya haɗa masoya Oasis rigima kan kuɗin tikiti?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ba mai jin waƙoƙin Turawa ba ne, ƙwallo nake bi, ta dalilin Man City ma na san 'yan Oasis ɗin nan don ana yawan nuno ɗayansu a filin wasa. Na ga lokacin da aka ce sun shirya za su dawo wasa mutane suna ta zage-zage a X wai an ninka musu kuɗin tikiti suna kan layi, amma kuma daga baya na ga bidiyo fili ya cika maƙil. Wai da gaske ana canza farashi mutum yana kan layi? Laifin mawaƙan ne ko na kamfanin? In kuma tsada ce me ya sa aka cika?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ai tunda ta City ka san su ka riga ka san rabin labarin wannan ƙungiyar mawaƙa ta Ingila. Wanda aka fi nunowa a wasannin City ɗin Noel Gallagher ne, shi ne wan, ƙanin kuma Liam shi ne mai rera waƙar. 'Yan unguwar Burnage ne a Manchester, iyayensu daga Ireland suka zo neman abinci, gidan talakawa ne sosai, ka riƙe wannan don zai dawo a gaba. Sun fara a 1991, zuwa tsakiyar shekarun 1990 kuwa babu kamarsu a Ingila, a Agustan 1996 mutum 250,000 ne suka kalle su a filin Knebworth na Ingila cikin dare biyu, tikiti fam 22.50, kuma wajen mutum miliyan biyu da rabi ne suka nema. Sai a Agustan 2009 wa da ƙani suka kaure da faɗa a Paris ana dab da hawa dandamali, Noel ya ce shi kam ya gama, shikenan tafiya ta watse, aka kwashe shekara 15 ana yi wa juna habaici da baƙar magana a jarida da Twitter.

Ranar 27 ga Agustan 2024 suka sanar sun dawo, ranar Asabar 31 ga wata aka buɗe sayar da tikiti. Tikitin wajen miliyan 1.4 ne, masu nema kuwa an ce sun haura miliyan 10 daga ƙasashe 158, kaga tun kafin a zo maganar kuɗi ma dole yawancin mutane su koma hannu rabbana. Mutum zai shiga tun safe ya ga akwai mutum dubu ɗari da wani abu a gabansa, ya zauna ya tasa waya da kwamfuta a gaba awa huɗu awa biyar, wasu ma shafin ya watso su waje wai yana zargin su ba mutane ba ne, manhaja ce. Wanda Allah ya ci da shi ya kai gaba, tikitin tsayuwa da aka tallata a kusan fam 150 sai ya tarar da shi fam 355 a shafin Ticketmaster, kamfanin da ke sayar da tikitin, an maƙala masa suna wai tikitin da ake rububi, ga agogo yana ƙirga masa 'yan mintuna ya biya ko a ba wani.

Ni a nawa ganin nan ne ainihin abin da ya ƙona wa mutane rai, ya ma fi tsadar kanta. Ka ɗauka lokacin wahalar mai ne ka kwana a layi a gidan mai, farashi yana rubuce a allo kana kallonsa, sai da motarka ta zo bakin famfo yaron ya ce maka ai lita ta ninka, bayanka ga layi har titi ana maka oda. Mutum nawa ne zai juya? Da tun farko an ce tikitin tsayuwa daga fam 150 zuwa 355 yake, da mai ƙaramin ƙarfi ya yi lissafinsa tun a gida ya san inda zai tsaya, amma an bari sai da ya zuba wuninsa, ya gaya wa abokai yana kan layi, ya riga ya sa rai, sannan aka nuna masa kuɗin. A irin wannan yanayin mutum biya yake yi, sai washegari ya fara cizon yatsa.

Yanzu tambayarka ta ko canza farashin aka yi ana kan layi. A lokacin kowa, har 'yan jarida da 'yan siyasa, ya tafi a kan cewa tsarin nan ne na farashi mai bin yawan masu nema, irin na tikitin jirgin sama, ko ka ce yadda kuɗin mota ke tashi a tasha ana jibi sallah, sai dai kwamfuta ce ke ɗagawa da kanta. Ministar al'adun Birtaniya Lisa Nandy ta fito ta nuna takaicinta, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya CMA kuma ta buɗe bincike ranar 5 ga Satumba. Amma da binciken ya fito a Maris 2025 sai hukumar ta ce ba ta ga shaidar cewa kwamfuta ce ke ɗaga farashi a take ba. Abin da ta gani shi ne tun farko an kasa tikitin tsayuwar kashi biyu, mai sauƙi da mai tsada, aka fara sakin mai sauƙin, da ya ƙare aka saki mai tsadar, kuma ba a gaya wa mutane akwai wannan tsari ba. Sannan akwai kujerun da aka sa wa suna Platinum ana sayar da su har kusan ninki biyu da rabi, alhali babu wani abu da aka ƙara a kai, wani lokacin ma a ɓangare ɗaya suke da kujerun gama-gari. Wallahi ni wannan bai sanyaya min zuciya ba, don in kwamfuta ce sai a ce abu ne ya kuɓuce, wannan kuwa mutane ne suka zauna suka tsara.

Laifin wa? Kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Ticketmaster ta ce ita ba ta yanke farashi, masu shirya wasa ne ke yankewa. Oasis suka fitar da sanarwa cewa su sun bar harkar tikiti a hannun manajojinsu da masu shirya wasan, ba su ma san za a yi amfani da farashi mai hawa ba. Masu shiryawar su ne SJM, MCD, DF da Live Nation, ita kuma Live Nation ɗin ita ce mai Ticketmaster tun haɗewarsu a 2010, shi ya sa ma gwamnatin Amurka ta maka su a kotu a Mayun 2024 kan zargin kankane kasuwa. Kaga maganar ba ruwana tana da wuyar shiga kunne. Su ma mawaƙan ban wanke su ba gaskiya, domin mawaƙi mai ƙarfi yana iya cewa a'a. Robert Smith na ƙungiyar The Cure ya ƙi yarda da farashi mai hawa a rangadinsu na Amurka a 2023, har ya matsa sai da aka mayar wa mutane dala 5 zuwa 10 daga cajin da aka ɗora musu. Su kansu Oasis da suka zo sanar da wasannin Amurka da Kanada da Meziko sai suka ce ba za a yi farashi mai hawa ba, toh ashe abu ne da ake iya hanawa. Shi kuwa Liam da wani ya yi masa ƙorafin kuɗin a X cewa ya yi ya rufe masa baki, halinsa ne, masoyansa ma dariya suka yi.

Masu kare tsarin suna da hujja guda da ba za a raina ba. Sun ce in ka sayar da arha 'yan bumburutun tikiti ne za su kwashe su sayar da tsada, gara kuɗin ya shiga aljihun mai waƙar. Kuma an gani, tun kafin a gama sayarwa an fara ganin tikiti a shafukan sake sayar da tikiti irin su Viagogo har fam 6,000, daga baya masu shiryawa suka ce za su soke wajen 50,000 da aka saka a shafukan da ba a amince da su ba. Ga shi kuma yanzu faifai ba ya kawo kuɗi kamar da, a wasa ake samun na cefane. Duk na yarda, amma wannan hujja ce ta tsada, ba ta amsa dalilin ɓoye farashi ba.

Batun cikar fili kuma ba abin mamaki ba ne. Yaran da suka biya fam 22.50 a 1996 yanzu magidanta ne masu shekara 45 zuwa 55 da albashi, ƙuruciyarsu suke saya, ga kuma 'ya'yansu da suka taso suna jin waƙoƙin ba su taɓa ganin mutanen ido da ido ba, sannan kowa yana tsoron kar 'yan'uwan nan su sake ɓatawa gobe. Da suka fito riƙe da hannun juna a Cardiff ranar 4 ga Yulin 2025 manyan maza hawaye suka yi ta sharewa, aka yi wasa 41 har aka rufe a Sao Paulo a Nuwamba, kai ma da ka gani za ka ji daɗi don har hoton kwali na Pep Guardiola suka kafa a dandamali. Amma kar cikar filin ta ruɗe ka, in mutum miliyan 10 suna neman miliyan 1.4 ko takwas cikin goma sun yi fushi sun tafi fili zai cika. Wanda bidiyon bai nuna maka ba shi ne ɗan Burnage mai aikin leburanci irin wanda Noel ya yi kafin ya yi suna, wanda ya kai gaban layi ya ga 355 ya kashe waya.

A Satumban 2025 Ticketmaster ta yi wa CMA alƙawarin za ta riƙa sanar da mutane awa 24 kafin a fara sayarwa in akwai farashi hawa-hawa, za ta nuna iyakar farashi tun mutum yana kan layi, kuma za ta daina sa wa tikiti sunan da zai sa a ɗauka ya fi wani alhali ɗaya suke, amma ba ta amsa laifi ba. A Nuwamban 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce za ta kawo dokar hana sake sayar da tikiti sama da kuɗinsa na asali, wannan 'yan bumburutu ta shafa. Waɗanda suka biya fam 355 ɗin kuwa yarjejeniyar ba ta ce a mayar musu da ko sisi ba.