Na sayar da naman ragunana kai tsaye, ko na ci gaba da kai wa dillali?

Tambaya: Ina da tumaki goma sha biyu a gida, nan Maradi. Duk lokacin da na aika rago kasuwa, dillali ya ci la'ada, mai saye ya taya da arha. Ina so in riƙa yankawa ina sayar wa mutane nama da kaina. Ta ina zan fara?

Amsa: Hajiya, shawarata ita ce kada wuƙa ta taɓa wuyan rago sai kin riga kin sayar da shi. Mahauci yana da teburinsa, yana da masu saye kullum, in nama ya kwana ya mai da shi tsire ko balangu. Ke ba ki da wannan mafita. A zafin watan Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, in wuta ta ɗauke firigo ba zai cece ki ba.

Ki yi lissafi tukun. Ragon da ya kai kilo 40 da ransa, in an feɗe an cire kayan ciki, kai da ƙafa, abin da zai rage nama da ƙashi bai cika wuce kilo 18 zuwa 20 ba. Ki tambayi kuɗin kilo a kasuwa yau, ki ninka da yawan kilon naman, ki ƙara kuɗin fata da kai da kayan ciki, sannan ki cire harawa, dusa, magani da ladan mahauci. Mata da yawa ba sa sa dusa a lissafi don daga gida ta fito, alhali da an sayar da ita kuɗi ce.

Da garke irin naki, hanyar da ta fi dacewa ita ce watanda. Ki nemi gidaje takwas ko goma a unguwa, ko ta WhatsApp, ki faɗi ranar yanka da kuɗin kashi ɗaya, kowa ya biya kafin ranar. A kasa nama a gaban idonsu, kowane kashi ya samu tsoka, ƙashi da ɗan hanta. Ƙarshen wata, da albashi ya shigo, watanda ta fi saurin cika. Bashi kuwa ki rufe ƙofarsa tun farko, ko ga dangi.

Naman sayarwa a mayanka ake yanka shi, inda ma'aikacin kiwo zai duba ya buga hatimi. In kin yi wa rago allura ko kin ba shi maganin tsutsar ciki, ki tambayi likitan dabbobi kwanakin da za a jira kafin a ci namansa.

Amma kada ki yanka kowane rago. Rago irin Balami mai kyan tsayi, fari tas, ya fi tsada da ransa, domin mai suna da mai Layya da ido suke saye, ba da sikeli ba. Irinsa ki turke shi wata uku kafin Babbar Sallah, ki tabbata ya cika shekara, ba gurgunta, ba ciwon ido, ki nuna hotonsa, mai so ya zo gida ya gani. Watanda ki bar ta ga ragunan da suka yi ƙiba amma ba su da siffar da za ta ja ido, kuma 'yan tumaki mata masu kyau ki riƙe su don haihuwa.