Masassara da zumunta a wasiƙun Amurkawan ƙarni na 19

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina mayar da wasu wasiƙun da Amurkawa suka aika wa danginsu a ƙarni na 19 zuwa Hausa. Suna yawan ambaton wani ciwo mai zuwa da rawar sanyi, ya tafi yau ya dawo jibi. Zazzaɓi zan ce ko masassara? Sannan ko "zumunta a ƙafa take" ta hau kan mutumin da ba ya iya ziyara sai dai wasiƙa?

Amsa: Malama, masassara ta fi dacewa. A garuruwa da yawa kalmomin biyu abu ɗaya suke nufi, amma a kunnena zazzaɓi ya fi karkata ga zafin jiki, masassara kuwa tana ɗauke da rawar ɗari da ciwon gaɓɓai, irin wanda ke sa mutum neman bargo da tsakar rana. Ciwon da kike gani maleriya ce, wadda ta addabi mazauna kwarin kogin Misisipi da na Ohayo, suna shan kwinin a kanta.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kada ki rubuta "zazzaɓin cizon sauro". Mai wasiƙar bai san da hannun sauro ba. Shi gurɓatacciyar iskar fadama yake zargi, domin sai a 1897 wani likitan Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. In kin sa masa wannan suna a baki, kin ba shi ilimin da bai da shi. Kwalara ba ta da wannan matsala: "amai da gudawa" alamomin kawai ya faɗa, su kuma sun gan su da idonsu a annobar 1832 da ta 1849. Haka ma "tarin fuka" ya ishe ki ga ciwon ƙirjin nan mai ramar da mutum.

Batun zumunta kuma, ƙafa a karin maganar ɗawainiya take nufi, wato ka tashi ka sha wahala don ɗan'uwanka. Wanda ya bar Misuri zuwa Oregon da keken shanu, tafiyar mil kusan 2,000 ke gabansa, wata huɗu zuwa shida, kuma da wuya ya sake ganin mahaifiyarsa. Wasiƙar ma ba arha ba ce. Kafin 1845 falle ɗaya kan kai santi 25 in nisan ya haura mil 400, kuma galibi mai karɓa ke biya. Shi ya sa za ki ga an cika takarda, an juya ta a gicciye an ɗora wani rubutun a kan na farko. Kan sarki bai fito a Amurka ba sai 1847, kuɗin kuma ya sauka zuwa santi 3 a 1851. Saboda haka masu wasiƙun nan sun cika ɗawainiyar da karin maganar ke nufi, ban da wanda ke gari ɗaya da danginsa ya fake da takarda.

Gaisuwar da suke buɗewa da ita, cewa suna lafiya kuma suna fatan takardar ta same ku lafiya, kada ki yanke ta don ta yi yawa. Wasiƙa kan yi makonni a hanya, wani lokaci mai karɓa ya rasu kafin ta iso. Ki yi amfani da namu salon na "bayan gaisuwa mai yawa".