Ƙare Dangi, Linzami da Dokar Barci: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin wannan karon sun taru a wuri guda, wato kalmomin da muke ji a rediyo in ana labarin makaman nukiliya da yarjejeniyoyin hana bazuwarsu.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: "Kullum ina jin 'makaman ƙare dangi'. Ƙirƙirar 'yan jarida ce ko dama akwai ta a Hausa? Kuma makami mai linzami yana cikinsu?"

Malama, kalmar ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Harɗaɗɗen suna ne, irin wanda Hausa ke ginawa da aikatau da abin da aikin ya faɗa wa, kamar dafa-duka da hana-salla da kas-kaifi. Tsofaffin ƙamusan Hausa sun kawo ƙare-dangi a matsayin sunan wani dafin kibiya. 'Yan jarida ɗauko ta kawai suka yi suka ɗora wa sabon abu, kuma a ganina sun dace, domin kalmar "dangi" ta kama abin da ya raba waɗannan makamai da bindiga: ba su san soja ba, ba su san mai goyo ba.

Iri uku ne, kowanne da yarjejeniyarsa. Na nukiliya, irin waɗanda Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945, suna ƙarƙashin yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, wato NPT, da ta fara aiki a 1970. Masu guba, irin waɗanda aka watsa wa garin Halabja na Iraƙi a 1988, an haramta su da yarjejeniyar da ta fara aiki a 1997, wadda hukumar OPCW da ke Hague ke sa wa ido. Ƙasashe 193 ke cikinta, kuma a watan Yulin 2023 aka lalata na ƙarshe daga cikin makaman da ƙasashe suka bayyana suna da su. Na ukun su ne na ƙwayoyin cuta. Tasu yarjejeniyar ta fara aiki tun 1975, amma har yau ba ta da masu bincike. Tattaunawar samar da su ta watse a 2001, kuma wahalar a fili take: tukunyar da ake renon ƙwayar cuta don yin allurar rigakafi, ita ce dai za ta rena ta don kisa.

Shi kuwa linzami daga Larabci muka aro shi, lijam, ƙarfen da ake sa wa doki a baki a juya shi. An kira makamin da haka ne don ana sarrafa inda zai nufa. To amma shi jaki ne, kayan da ya ɗauko daban. Yana iya ɗaukar nakiya ta yau da kullum, yana iya ɗaukar bam ɗin nukiliya. Duk wanda ya ji an harba makami mai linzami ya rubuta an harba makamin ƙare dangi, ya yi wa labarin ƙarin gishiri.

Wani ɗalibi daga Kano: "Hana yaɗuwa, hana bazuwa da kwance ɗamara, ba abu ɗaya ba ne?"

A'a, ɗana. Yaɗuwa ta kabewa ce da ƙanzuwa, abu ya miƙe daga inda yake ya kama maƙwabcinsa. Bazuwa ta fi nuna watsewa, kamar labari ko garken da ya tsinke. Duka biyun suna nufin makamin ya shiga hannun wanda da ba shi da shi, don haka kowacce aka ɗauka ta yi, ko da yake na fi son bazuwa in ana maganar fataucin ɓoye, irin wanda masanin nukiliyar Pakistan Abdul Qadeer Khan ya amsa a 2004 cewa ya yi da Iran da Libiya da Koriya ta Arewa. A shekarar ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1540, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa yin dokokin hana irin waɗannan kayayyaki faɗawa hannun ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane. In mai makami ne ya ƙara yawan nasa, wannan yawaita ce. Kwance ɗamara kuwa sai wanda ya ɗaura ta. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai 6, ta wargaza su da hannunta, ta shiga NPT a 1991. Ita ce za a ce ta kwance ɗamara. Nijeriya da Nijar ba su taɓa ɗaurawa ba.

Wani mai karatu daga Agadas: "Ana cewa Iran na tace yuraniyam, ana kuma cewa ana tace shi a Arlit. In aiki ɗaya ne, me ya sa ake tsangwamar wata a bar wata?"

Malam, laifin kalmar ne, ta ɗauki kaya biyu. Tacewa a Hausa raba abu ne da dattinsa, kamar yadda ake tace gasara a bar dusa a mataci. Abin da ake yi a Arlit ke nan tun 1971: a haƙo dutse, a niƙa, a jiƙa da sinadari, a fitar da garin yuraniyam. Wannan gari ba ya tashin bam. Dalili kuwa, yuraniyam iri biyu ne a cakuɗe, mai lamba 238 da mai lamba 235. Na biyun ne mai amfani ga bam, kuma kimanin kashi 0.7 ne kawai cikin 100 na yuraniyam ɗin da ake haƙowa.

Raba waɗannan biyun ba tacewa ba ce, domin babu datti a ciki, dukansu yuraniyam ne, ɗan nauyi kaɗai ya bambanta su. Ya fi kama da sheƙa, inda tsaba ke faɗuwa ƙaiƙayi ya bi iska. Ana mayar da garin iska, a ɗura cikin dogayen tulunan ƙarfe masu juyi da tsananin gudu. Mai nauyin, wato 238, ya koma jikin bango, marar nauyin, wato 235, ya fi taruwa a tsakiya. Abin da tulu ɗaya ke rabawa ƙanƙane ne, shi ya sa ake jera ɗaruruwa ko dubbai, wannan na miƙa wa wancan. Tashar lantarki na buƙatar mai lamba 235 ya kai kashi 3 zuwa 5. Daga kashi 20 ne ake ɗaukarsa mai haɗari, bam kuma na son wajen kashi 90. Inda gizo ke saƙa shi ne, wanda ya kai 20 ya riga ya ci mafi yawan wahalar zuwa 90. Shi ya sa yarjejeniyar da Iran ta ƙulla da manyan ƙasashe a 2015 ta tsayar mata kashi 3.67 da ajiyar da ba ta wuce kilo 300 ba. Amurka ta fice daga cikinta a 2018, Iran kuma ta kai kashi 60 a 2021.

Shawarata ga masu fassara: a bar wa Arlit "tacewa", a ce "ingantawa" ga ɗaya aikin, kuma kada a faɗe ta ba adadi. Rashin bambanta su ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen Nijar musamman. An sa sunan ƙasarsu cikin hujjojin yaƙin Iraƙi, aka ce Saddam ya nemi garin yuraniyam a can, har sai da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) na lokacin, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu a watan Maris na 2003 cewa takardun da aka kafa hujja da su na jabu ne.

Misalin ya ma fi kusa da haka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da makamashin da aka inganta zuwa kashi 90, kimanin kilo ɗaya. Bai kai na bam ba, domin ma'aunin IAEA shi ne kilo 25 na mai lamba 235, ko kilo 8 na fulutoniyam, wani sinadarin da shi ma ake yin bam da shi. Duk da haka a 2018 aka cire shi aka mayar Sin, aka sa na kashi 13. Gana ta yi wa tata haka a 2017.

Wata 'yar jarida daga Kumasi: "Ƙasa ta rattaba hannu, sai kuma a ce yarjejeniyar ba ta hau kanta ba. Yaya zan faɗi wannan?"

Ki ɗauke shi kamar aure. Rattaba hannu baiko ne, amincewar majalisar ƙasa ɗaurin aure, fara aiki kuma tarewa. Yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya ta 1996 har yau amarya ba ta tare ba, domin sai wasu ƙasashe 44 da aka ambata da suna sun amince duka. Amurka ta sa hannu, majalisar dattawanta ta ƙi a 1999. Rasha ta amince, ta janye amincewar a 2023. Ta haramta makaman nukiliya a Afirka, wato Pelindaba, an sa mata hannu a Alƙahira a 1996, ba ta fara aiki ba sai 2009. Saboda haka kada ki rubuta "ta amince" inda hannu kawai aka sa.

Wani dattijo daga Gusau ya ce: "Na ji an buga karin maganar 'mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi' a kan manyan ƙasashe. Ta dace?"

Baba, ta dace da rabi. Ana buga ta ga wanda ya kafa doka sannan aka kama shi yana karya ta. A NPT kuwa gyangyaɗin a rubuce yake tun farko. Yarjejeniyar ta ce duk ƙasar da ta ƙera ta kuma gwada makamin kafin 1 ga Janairun 1967 an san da zamanta: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin. Sauran suka yi alkawarin ba za su nema ba, a madadin a ba su damar amfani da nukiliya wajen lantarki da asibiti da noma. Riƙe makamin kaɗai bai sa biyar ɗin nan sun karya doka ba. Inda karin maganar ta kama su shi ne sashe na 6, inda suka yi alkawarin tattauna kwance ɗamara da zuciya ɗaya. An ƙara wa yarjejeniyar wa'adi marar iyaka a 1995, fiye da shekara 50 ke nan da fara aikinta, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ta ajiye. Su ne kuma masu kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, wanda ke ƙaƙaba takunkumi. Shi ma takunkumi, tunda ya shigo, asalinsa abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne don kada ta ci ko ta yi cizo.

Indiya da Pakistan da Isra'ila karin maganar ba ta shafe su ba ko kaɗan, tunda ba su taɓa shiga ɗakin da aka hana barcin ba. Zaman Indiya da Pakistan, da suka yi gwaji a jere a watan Mayun 1998, "kar ta san kar" ya fi dacewa da shi.

Dattijon ya ƙara da tambayar wace karin magana ce ta dace da aikin masu bincike. "Gani ya kori ji", amma da sharaɗi. Jami'an IAEA, wadda aka kafa a 1957 da hedikwata a Biyana, babban birnin Ostiriya, suna auna kayan da ƙasa ta ce tana da su, su gwada da abin da ke cikin littafinta, su ɗaura hatimi a kan ma'ajiya, su kafa kyamara. Suna kuma goga ɗan ƙyallen auduga a jikin bango ko inji, su rufe shi a leda, a kai ɗakin gwaji a Ostiriya. Ƙurar da ido ba ya gani takan tona ko an inganta yuraniyam a wurin da kuma matakin da aka kai. Sharaɗin shi ne, ido na ganin inda aka buɗe masa ne. Kafin 1991 Iraƙi na nuna musu wuraren da ta bayyana, aikin ɓoye na gudana a wasu gine-ginen. Wannan ya jawo ƙarin yarjejeniya ta 1997, mai ba su damar shiga wuraren da ba a lissafa ba bayan gajeriyar sanarwa, sai dai ƙasa ce ke zaɓar shiga cikinta. Koriya ta Arewa kuwa korar su ta yi a ƙarshen 2002, ta sanar da ficewa daga NPT a Janairun 2003, ta yi gwajinta na farko a 2006.