Kada ki bar su da jiran gawon shanu

'Yata,

Saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Ban amsa ba sai yau saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, gara in zauna in rubuto miki a tsanake. Kin ce an saka ki cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata a wurin aikinku, kun yi wa mutum 11 intabiyu a kan gurbi ɗaya, kun fitar da wanda kuke so. Da kika tambayi na gaba da ke yadda za a yi da sauran 10, sai ya ce ai ba a yin komai, wanda bai ji kira ba ya san inda aka kwana. Shi ne kike tambayata, tunda a wannan fanni na yi ritaya, ko haka al'adar aikin take, kuma in ba haka ba ne, da wane baki ake gaya wa mutum ba a ɗauke shi ba.

Bai yi miki ƙarya ba, haka ake yi a wurare da yawa. Al'ada ce, amma irin wadda lalaci ya haifa, nauyin baki ya raine ta. Mukan ce muna yi wa mutum kara ne, ba ma son mu ɓata masa rai. Ki duba da kyau ki ga wa shirun yake hutarwa. Mu da ke bayan tebur yake hutarwa. Shi wanda ya zo neman aikin ba abin da aka rage masa, an ma ƙara masa ne, domin baƙin cikin da zai yi na kwana biyu an shimfiɗa masa shi ya kai wata uku.

Na san abin da nake faɗa. Ina saurayi na taɓa zuwa intabiyu a wata ma'aikata, aka rako ni har bakin ƙofa da fara'a aka ce, "Za mu neme ka." Na ɗauki maganar da gaske. Bayan mako biyu wani wuri ya ba ni aiki mai ƙaramin albashi, na ƙi karɓa, wai ina jiran babba. Wata huɗu ina zarya ina tambayar masinja ko takarda ta fito. A bakin wani abokina na ji cewa tun a makon farko aka ba wani, har ya karɓi albashi sau uku. Ban ji haushin rashin ɗaukata ba, wataƙila ya fi ni dacewa. Abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne layi biyu kacal da sun rubuto min, da ban yi biyu babu ba. Yanzu ma abin ya fi ciwo, don wayar tana hannun mutum dare da rana, duk baƙuwar lambar da ta shigo sai gabansa ya faɗi. Ga mahaifiya tana tambaya kullum, ga wanda ya ara masa kuɗin mota yana sauraro.

Saboda haka ki faɗa musu, dukansu goman. Wanda ya turo takarda kawai ba a kira shi ba, gajeren saƙo na bai-ɗaya ya ishe shi. Amma wanda ya yi wanka ya saka kayansa masu kyau, ya zauna gabanku kuka yi ta juya shi da tambayoyi, wannan kun ci bashinsa, kuma amsa ce biyan bashin. Har an fara mai da abin doka a wasu wurare. A lardin Ontariyo na Kanada, daga 1 ga Janairun 2026, duk ma'aikatar da ke da mutum 25 ko fiye, idan ta tallata gurbi ta yi wa mutum intabiyu, wajibi ne ta sanar da shi cikin kwana 45 ko an yanke shawara a kan gurbin. Ni dai a ganina kwana 45 ma ya yi yawa. Mako ɗaya bayan an gama magana ya isa.

Sai dai akwai tsari, kuma a nan na taɓa yin tuntuɓe. Wata shekara, don ɗokin in sauke nauyi, na sallami kowa a rana ɗaya, har da wadda ta zo ta biyu. Kwana uku sai wanda muka zaɓa ya bugo ya ce wurin aikinsa na da sun ƙara masa albashi, ba zai zo ba. Haka na koma ina kame-kame ina kiran matar da na sallama da bakina. Ta zo, Allah ya saka mata da alheri, amma ta daɗe tana jin ita ce ta maneji. Don haka waɗanda kuka tabbata ba za ku ɗauka ba ko da na farko ya ƙi, ki sallame su yanzu. Na biyu da na uku ki riƙe su har wanda kuka zaɓa ya amince a rubuce. Riƙon ma ba da shiru ba: ki gaya musu ana kan magana, za su ji daga gare ki ranar kaza. In ranar ta zo ba a gama ba, ki sake kira ki ce ba a gama ba. Alkawari kaya ne, ko da na kiran waya ne.

Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, ki kira su a waya, sannan ki bi da imel don su sami abin riƙewa. Sauran imel ya wadatar, amma da sunan kowa a sama, kuma kowa nasa daban. Kada ki kuskura ki jera adireshinsu a saƙo ɗaya kowa yana ganin na kowa. Wani wurin aikinsa ma ba su san yana neman canji ba, kin ga kin tona masa asiri.

In kin kira, ki gaisa, ki faɗi sunanki da inda kike kira, ki tambaya ko yana wurin da zai iya magana. Daga nan kada ki ja. Na sha jin masu kirki suna shafe minti biyar suna yabon mutum, shi kuma zuciyarsa tana ta hawa, ya ɗauka albishir ne ke tafe, sannan a sako shi daga sama. Wannan ya fi zafi. Abin da nakan ce ba ya wuce haka: "Na kira ne game da intabiyun da ka yi da mu. Mun yanke shawara, kuma ba kai muka ɗauka ba a wannan karon. Na ga ya dace ka ji daga bakina. Mun gode da lokacin da ka ba mu." Sai in yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi ki cike shi da ban-haƙuri, ki daure. Ki bar shi ya haɗiye. Wani zai ce ya gode ya kashe, wani zai tambayi dalili.

Dalilin nan shi ne wurin da ya fi wuya, kuma ban san misalin da ya fi na Abu Zarri ba, Allah ya ƙara masa yarda. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ya roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba shi wani muƙami. Manzon Allah ya dafa kafaɗarsa, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. A wata ruwayar har ya haɗa masa da cewa yana so masa abin da yake so wa kansa. Ki lura da yadda abin ya tafi. Ba a ce masa ya je ya dawo ba. Ba a ce za a duba ba. An ba shi amsa a take, an faɗi dalili na gaskiya wanda ya shafi nauyin aikin, ga kuma hannu a kafaɗa. Darajarsa ba ta ragu da komai ba, abu ɗaya ne aka ce bai dace da shi ba.

To haka za ki yi. Abu ɗaya ko biyu, na gaskiya, wanda ya shafi aikin, wanda kuma mutum zai iya gyarawa. "Gurbin yana buƙatar wanda ya taɓa riƙe lissafin kuɗi shi kaɗai, wanda muka ɗauka ya yi shekaru yana yi." Ko kuma, "Da muka tambaye ka wata matsala da ka taɓa warwarewa, ka yi mana bayani a dunƙule, misali ɗaya muke nema daga farko har ƙarshe." Mutum zai iya tafiya da wannan ya yi amfani da shi gobe. Amma "ba ka burge mu ba" ko "jininmu bai haɗu ba" ba abin da zai tsinta a ciki sai ciwo. In kuma kwamitinku bai yarda a faɗi dalili ba, ki ce ba a ba ki izinin shiga bayani ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma ta fi ƙirƙirar dalili.

Ki kiyayi ƙaryar lallashi, ita ce ta fi saurin zuwa baki. "Za mu ajiye takardunka, da an sami gurbi za mu kira ka." In da gaske ne, ki faɗa, ki rubuta sunansa a inda za ki gani, kuma ki kira. In ba da gaske ba ne, kin sake ɗaure shi a turken da kika kira don ki kwance shi. Haka ma "ai ka fi ƙarfin aikin" da "da ni kaɗai ce da kai zan ɗauka". Ta biyun ta fi muni, domin kin wanke kanki kin shafa wa abokan aikinki, kuma kin nuna masa akwai ƙofar da zai iya ci gaba da bugawa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga bakinki ko da wasa: shekarun mutum, jinsinsa, addininsa, ƙabilarsa, aure, juna biyu, nakasa. Kada ki ce wa mace "mun ga kina da ƙananan yara" da sunan tausayi. Tun 1958 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 111 da ta hana wariya wajen ɗaukar aiki. Amurka tana da dokar 1964 a kan launin fata, addini, jinsi da asali, da ta 1967 da ke kare 'yan shekara 40 zuwa sama. Birtaniya ta tattara nata a dokar daidaito ta 2010. Ki nemi sanin abin da dokar inda kike ta ce. Amma in har irin wannan dalili ne ya sa kuka ƙi mutum, to gyaran ba a lafazi yake ba, sai ku koma teburin ku sake zama. Ki kula da abin da kike rubutawa a gefen takarda lokacin intabiyu ma. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Mayun 2018, mai neman aiki yana da ikon neman a nuna masa bayanan da aka ajiye a kansa. Ni tun kafin wannan doka, ƙa'idata ita ce kada in rubuta abin da ba zan iya karanta wa mai shi a gabansa ba.

In cikin goman akwai ma'aikacinku na cikin gida da ya nemi ƙarin girma, shi ba waya ba imel. Ki same shi ido da ido, a rufe ƙofa, kafin a sanar da sunan wanda ya samu. Gobe za ku haɗu a ofis, kada ya ji a bakin masu tsegumi. Wanda kuma wani babba ya turo, shi za ki fara gaya wa kafin babban. Shi ya zauna a kujerar, ba wanda ya turo shi ba.

In na gaba da ke ya ce ɓata lokaci ne, ki yi masa magana da yaren da yake ji. Kamfanin sadarwa na Virgin Media da ke Birtaniya ya taɓa zama ya yi lissafi, ya gano cewa cikin waɗanda yake ƙi ɗauka akwai masu hulɗa da shi da yawa, wasunsu kuma suna yanke hulɗar saboda yadda aka yi musu, asarar da ya ƙiyasta ta haura fam miliyan 4 a shekara. Ki kuma tuna masa da Brian Acton, wanda Facebook ya ƙi ɗauka a 2009. Shi da Jan Koum ne suka gina WhatsApp ɗin nan da kika turo min saƙo ta cikinsa, kuma a 2014 Facebook ɗin ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 19. Duniya rawar 'yan mata ce. Amma tsakanina da ke, ba na son wannan hujja sosai. Tana nufin a mutunta mutum don wataƙila gobe ya zama wani. Mafi yawan waɗanda za ki kira ba za ki sake jin ɗuriyarsu ba, kuma su ma sun cancanci kiran.

Wani zai yi fushi, ki sa ran haka. Zai ce dama an san wanda za a ba, intabiyun na jeka-na-yi-ka ne. Kada ki shiga musu, kada ki fara kare wanda aka ɗauka ko ki faɗi sirrinsa. Ki ce kin fahimci ransa ya ɓaci, shawarar dai ta tabbata, in yana da ƙorafi ga inda zai rubuta. Na taɓa samun wanda ya zage ni tas ya kashe waya, bayan kwana biyu ya kira ya ba ni haƙuri, ya ce ranar ce mai gidan haya ya ba shi notis.

Ki fara da wanda kika fi jin nauyin kiransa, da safe, kafin zuciyarki ta kawo miki uzuri. Sauran za su zo da sauƙi. In kin rubuta imel ɗin ki turo min in duba kafin ki aika, amma ki cire sunayen mutane tukuna.

Ki gaishe min da mahaifiyarki, ki ce mata ƙafar ta yi sauƙi.

Kawunki