Tambayoyin Masu Karatu: Littattafan cikin hasumiyar gilashi a Landan na wane ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata hasumiya ta gilashi a tsakiyar babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya da ke Landan, maƙil da tsofaffin littattafai daga ƙasa har sama, aka ce mini na wani sarki ne. Wane sarki ne wannan, kuma ana karanta su, ko ado kawai aka yi wa ginin da su? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Littattafan na Sarki George na Uku ne, wanda ya mulki Birtaniya daga 1760 zuwa 1820, kuma har gobe ana karanta su. Yawansu ya kai kimanin 65,000, ban da ƙasidu kusan 19,000, a jere cikin hasumiya mai hawa shida a ginin da ke unguwar St Pancras, wanda aka buɗe a hukumance a 1998. Mai ziyara yana ganin bayan littattafan ta gilashi, da fatarsu da rubutun ruwan zinari, amma ba ya taɓa su. Ma'aikata ne ke shiga su ɗauko wanda aka nema, su kai wa mai karatu a zauren nazari.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne cewa sarkin bai gaje su ba. A 1757 kakansa, George na Biyu, ya riga ya ba Gidan Tarihi na Birtaniya tsofaffin littattafan gidan sarauta, saboda haka da jikan ya hau karaga sai ya tarar da fada kusan babu abin karantawa, ya shiga tarawa daga tushe. Tun a farkon mulkinsa ya sayi dukan littattafan Joseph Smith, wakilin Birtaniya a birnin Venice na Italiya, sannan ya tura mai kula masa da littattafai, Frederick Barnard, ya zaga ƙasashen Turai yana saye. Ba abin da ransa ke so kaɗai ya bi ba, domin nufinsa shi ne ya haɗa abin da malami zai buƙata a tarihi da addini da labarin ƙasa da adabi da kimiyya. Daga cikin abin da ya samu akwai Baibul ɗin da Gutenberg ya buga a wajajen 1455, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga da injin ɗab'i a Turai. Tun yana raye ya bar malamai suna shiga fadarsa su yi nazari, kuma a cikin ɗakin littattafan nan ne ya gana da masani Samuel Johnson a 1767.

Bayan rasuwarsa, ɗansa George na Huɗu ya ba al'umma littattafan a 1823, bisa sharaɗin a ajiye su wuri guda, kada a gauraya su da wasu. A ganina wannan sharaɗi ne ya cece su, domin an san yadda littattafan babban mutum kan watse da zarar an zo rabon gado, kowa ya ɗauki kasonsa, har a rasa sanin abin da mamacin ya tara. An gina musu dogon zaure a Gidan Tarihi, wanda aka kammala a 1827, suka zauna a can kimanin shekara 170. A 1940 bam ɗin Jamus ya faɗa wa zauren, ya lalata ɗaruruwan littattafai, abin da ya sa aka kwashe sauran zuwa wajen Landan har yaƙin ya ƙare.

Idan Allah ya kai ki Landan, Malama, shiga ginin da kallon hasumiyar kyauta ne. Idan kuma karatu kike so, sai ki nemi katin shiga zauren nazari, wanda ake bai wa duk mai shekara 18 zuwa sama ba tare da biyan kuɗi ba, muddin ya nuna takardun shaida.